Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A Yantala, bene na biyu, ɗakin haɗa hoto,
fanka na tari, wuta na zuwa tana komawa.
Kwana uku ke nan ni da na'ura
muna juya fuskar tsohuwa guda.

Gaba. Baya. Tsaya.

Tabawa ce, mai kasa albasa a tashar Badagishiri,
haƙorinta na sama ɗaya ya rage, goro ya rina shi.
Na ce, Inna, dubi gilashin nan, ki ba ni labarin ranar.
Ta ce, "Ke ɗiya, mi kika biɗa
ga ranar da Allah ya riga ya ruhe?"
Sannan ta buɗe:
damina ce, ƙorama ta cinye gefen hanya,
babbar mota ta taso daga Tawa da buhuna da mutane a bisa,
ta kwanta kamar raƙumin da ya gaji.
Da aka gama ƙirga waɗanda aka lulluɓe
sai ga yarinya zaune a gindin bagaruwa,
takalmi ɗaya, murfin kwano a hannu,
ba kuka.

Ni ce, wai.

Na ce wai, don ban tuna ba.
Abin da na sani, warin gazuwal in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar albasa
sai cikina ya juya,
kuma shekara talatin da huɗu ban zauna gefen taga a mota ba.
Jiki ya ajiye kaset ɗinsa, ya hana ni na'urar kallo.

Tabawa ta ce uwar baƙin zane ta ɗaura, ta ji tana kiran Zali.
Nomau, karen motar, wanda ƙafarsa ta hagu ta zauna can,
ya rantse Buzuwa ce, da yarensu take lallashi.
Takardar asibiti, wadda gara ta ci kusurwarta,
cewa ta yi: mace, kimanin shekara uku.
Wurin suna, an ja layi.
Unguwarzomar da ta goyo ni zuwa Yamai ta sa mini Barira,
ta ba ni Zabarmanci da Hausa da tuwon dare,
ta rasu ba ta ɓoye mini komai ba,
don ba ta da abin ɓoyewa.

Akwai wuri a cikin hoton, minti na arba'in da biyu.
Tabawa ta yi shiru.
Idonta ya bar gilashi, ya hau kaina, ni da ke bayan kamara,
ya tsaya a kunnena na dama, inda tsohon huji ya toshe.
Hannunta ya taso, ya kai rabin hanya.
Jaki ya yi kuka a nesa. Ƙuda ya sauka a kan tire.
Hannun ya koma cinya.

Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Mai kuɗin fim ya ce a yanke, babu abin da ke faruwa.
Na yanke kogin da na ɗauka da magariba daga kan gada,
na yanke kaina ina hawaye, don ƙarya ce, karo na uku ne aka ɗauka.
Wannan na bari.

Daren da muka haska shi a farin bango,
mutane a kan benci, masu gyaɗa na zagayawa,
da aka iso wurin, wata mata a bayana ta ce, "Hoton ya maƙale."
Ƙawarta ta ce, "A'a, dubi ƙudan, yana motsi."
Suka yi shiru tare da Tabawa har ƙarshe.

Amma wannan daga baya ne.
Yanzu asuba ta kusa, ladanin Yantala na gyara murya,
saura rubutun ƙarshe, inda ake jera sunaye.
Mai ɗaukar sauti: Arzika.
Mai tuƙi: Illa.
Wadda ta shirya:
ɗan layin nan yana ƙyaftawa, yana jira,
na ɗora yatsa a kan Z,
wuta ta ɗauke.